KWALI DA FOSTA: TARIHIN ƊORA HOTO A KAN HOTO A FINAFINAN HAUSA

A zamanin kaset, furodusan fim ɗin Hausa kwali ya ke sayarwa. Yaran da su ka tashi da waya a hannu za su ji abin banbaraƙwai, amma haka tsarin ya ke. Idan an gama ɗaukar fim an tace shi, furodusa zai kai uwar kaset ɗin wurin dillalai a Ƙofar Wambai ko Bata a Kano, sannan ya buga kwalaye dubu kaza ya sayar masu. Su dillalan su ke da kaset ɗin da ba komai a cikin sa, su ke da injinan naɗa, su za su kwafi fim ɗin su zura a kwali su tura Gusau da Sakkwato da Maraɗi da Yamai. Yawan kwalin da aka saya shi ne yawan kuɗin da ya shiga aljihun mai fim. Brian Larkin, malamin jami'ar nan na Amurka da ya yi bincike a Kano, ya yi bayanin wannan tsari a littafin sa 'Signal and Noise' na 2008, inda ya nuna cewa haƙƙin mallakar fim ɗin Hausa a jikin kwali ya ke zaune.

To ka ga kenan yaron da ke zaune gaban kwamfuta a wani ɗan shago, ya na yanko fuskar jaruma ya na ɗora ta a kan gajimare, dukiyar furodusa ce kacokan a hannun sa. Duk da haka, idan ana ba da tarihin industiri, daraktoci ake lissafawa da jarumai da mawaƙa, shi kuwa sai a tsallake shi. Aikin nasa ya na da tarihi, kuma tarihin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Abin da 'yan kwamfuta ke kira leya ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Ka ɗauka ka na da fallayen leda garai-garai guda biyar. A na ƙasa ka zana sararin sama, a na biyu ka manna gida, a na uku jarumi, a na huɗu jaruma, a na sama ka rubuta sunan fim. Idan ka jera su ka duba daga sama, hoto ɗaya za ka gani. Amma kowane falle zaman kan sa ya ke yi. Za ka iya matsar da jarumar gefe, ko ka zare ta baki ɗaya idan ta yi faɗa da furodusa kafin fim ya fito, ba tare da ka taɓa sauran ba.

KAFIN KWAMFUTA

Hoto bai cika shekara ashirin da haihuwa ba masu ɗaukar sa su ka soma yi masa haɗe-haɗe. A 1857, Oscar Rejlander, mutumin Suwidin da ke zaune a Ingila, ya haɗa hoto ɗaya mai suna 'The Two Ways of Life' daga nagetif kusan talatin, ya na rufe wani sashe na takarda ya haska wani, har hoton ya kammala. Bayan shekara ɗaya Henry Peach Robinson ya yi 'Fading Away' da nagetif biyar. Da silima ta zo, Bafaranshen nan Georges Méliès, wanda dama ɗan siddabaru ne, ya gano cewa idan ya ɗauki hoto a gaban baƙin labule ya mayar da fim ɗin baya ya sake ɗauka, zai iya bayyana sau da yawa a fage ɗaya. A 1900 ya fito shi kaɗai a matsayin makaɗa bakwai a jere.

Mu nan ta ɗakin mai hoto dabarar ta shigo mana. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, kuma shi ya cika Sabon Garin Gusau da baƙi 'yan kudu masu sana'o'i iri-iri, kamar yadda aka yi a Kano da Zariya. A irin waɗannan unguwanni ne sana'ar hoto ta fara zama da gindin ta a Arewa. Duk wanda ya buɗe tsohon albam na gidan su zai ga leya ta farko da mu ka sani: labulen bango. An zana bene ko lambu ko jirgin sama, mutum ya tsaya a gaba da agogon sa da rediyon sa, an ɗauka. Falle biyu kenan, mutum da duniyar da ya ke so a gan shi a ciki. A Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon sa a 1948, da atamfa ya ke yin bangon, ya kan kuma ara wa mutane babur ko rediyo. A Gana, Philip Kwame Apagya ya shahara a shekarun 1990 da labulaye masu zanen falo cike da talbijin da firji.

Akwai kuma haɗin da ake yi a ɗakin wanki. Mai hoto zai haska nagetif ɗaya sau biyu a kan takarda ɗaya, sai ka ga mutum zaune ya na kallon kan sa, ko fuskar amarya a cikin fure. Stephen Sprague ya rubuta a 1978 yadda masu hoto a Ila Orangun ta ƙasar Yarabawa ke yi wa tagwayen da ɗaya ya rasu: a ɗauki mai ran, a buga shi sau biyu, hoton ya tsaya a madadin ɗan'uwan sa.

Sai Indiya. Masu kallon da su ka ga Dilip Kumar ya fito a mutum biyu a 'Ram Aur Shyam' na 1967, ko Hema Malini a 'Seeta Aur Geeta' na 1972, aikin leya su ka kalla ba su sani ba: a rufe rabin idon kyamara a ɗauka, a mayar da fim baya, a rufe ɗaya rabin a sake ɗauka. Amma abin da ya fi tasiri a kan mu shi ne fostar da ake mannawa a ƙofar silima. Masu zanen Bombay da hannu su ke yin ta, kuma su na da tsari: katuwar fuskar jarumi a sama, jaruma a gefen sa, mugu a can ƙasa cikin jan launi ko kore, ƙananan mutane na faɗa a gindi, wuta na ci a baya. Girman fuska shi ke nuna girman matsayi. Ɗauko kwalin kowane fim ɗin Hausa na 2002 ka ajiye kusa da ita, za ka ga ɗa da uban sa.

Littattafan soyayya na Kano, irin su 'In Da So Da Ƙauna' na Ado Ahmad Gidan Dabino, da zanen hannu su ka fito a bangon su a farkon shekarun 1990. Finafinan farko kuma, tun daga 'Turmin Danya' da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, sun fito ne a lokacin da kayan aikin mai haɗa bango su ne almakashi da reza da gam.

'YAN'UWA BIYU DA WATA MANHAJA

A daidai wannan lokaci, can a Amurka, wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Michigan mai suna Thomas Knoll ya rubuta 'yar manhaja a 1987 don nuna hoto a kwamfutar sa. Ɗan'uwan sa John, wanda ke aikin siddabarun fim a kamfanin Industrial Light & Magic na George Lucas, ya ga abin ya ce wannan ai kasuwa ce. Kamfanin Adobe ya fitar da ita da sunan Photoshop a Fabrairun 1990, shekarar 'Turmin Danya'. Ba ta zo da leya ba. A lokacin, idan ka manna abu ka sake shi, to ya manne kenan, kamar gam. Sai a 1994, a fitowa ta 3.0, aka sa mata leya. Lissafin da ke ƙarƙashin abin ma daga 'yan fim ya fito: Ed Catmull da Alvy Ray Smith su ka ƙirƙiro hanyar gaya wa kwamfuta yawan yadda kowane ɗigo na hoto ke bari a ga abin da ke bayan sa, a ƙarshen shekarun 1970, sannan Thomas Porter da Tom Duff na kamfanin Lucasfilm su ka tsara ƙa'idojin haɗa hotuna a 1984. Ita kuwa CorelDraw, wadda maɗaba'un Nijeriya su ka riƙe hannu bibbiyu har gobe, daga Kanada ta fito a 1989.

Yanzu bari mu zo kan ɓangaren da ya fi daɗi, wanda kuma a gani na shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a wurin mu. Jera fallaye abu ɗaya ne. Yadda falle na sama zai gauraya da na ƙasa wani abu ne daban, kuma Photoshop na da hanyoyin gaurayawa har 27. Kada adadin ya tsorata ka, mai karatu. Biyu ne iyaye, sauran 'ya'ya ne da jikoki.

Kwamfuta na auna hasken kowane ɗigo daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat. Hanya ta farko ita ce maltifilai, ma'ana ninkawa. Ana ninka hasken na sama da na ƙasa a raba da 255. Idan duka biyun tsaka-tsaki ne, 128 da 128, sakamakon zai faɗo wajen 64, ya yi duhu. Fari ba ya canza komai, ɓacewa ya ke yi. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya riga ya san wannan: duk tsomawar da aka yi wa zane a ruwan baba duhu ta ke ƙara masa, ba a taɓa tsoma shi ya fito ya fi da haske ba. Da wannan ake yin inuwa, da shi ake sa rubutu ya zauna a jikin bango kamar dama can a nan aka yi shi.

Ta biyu ita ce sikirin, kishiyar ta farko. Nan 128 da 128 za su ba ka wajen 192, haske ya ƙaru, baƙi kuma shi ke ɓacewa. Ka ɗauka majigi biyu ne aka haska a bango ɗaya. Inda hasken su ya haɗu sai ya fi ko'ina haske, inda ɗaya bai haska komai ba sai ka ga hoton ɗayan kawai. Abin da Méliès ya yi kenan da baƙin labulen sa. Da wannan ake sa wuta da hayaƙi da walƙiya da taurari, domin a kan baƙin bango ake ɗaukar su. Obale kuma haɗin biyun ne: wuri mai duhu ya ƙara duhu, mai haske ya ƙara haske. Sai ma'aunin kauri, wanda ke mayar da falle kamar mayafi shara-shara, ka na ganin sa ka na ganin abin da ya rufe.

Mutumin Kwatarkwashi ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya ga waɗannan abubuwa. Ka taso daga Tsafe ka nufi Gusau da hunturu, ka dubi dutsen. Itatuwan bakin titi baƙaƙe ne sosai, gidajen gindin dutse sun ɗan kwanta, dutsen kan sa ya yi toka-toka, tsaunukan da ke nesa kuwa sun kusa narkewa cikin sama. Hazo ne ya shiga tsakani falle-falle, kowane falle na ƙara haske ya na cinye duhu: sikirin kenan. Ka dawo da damina, lokacin da hadari ya taso, ka ga inuwar gajimare na tafiya a jikin dutsen, ta na duhunta shi amma tsagogin sa da ciyawar sa na nan ana gani: maltifilai kenan. Ƙa'idar da ke ciki ita ce abin da ke nesa ya fi kusa da launin sama, abin da ke kusa ya fi duhu da kaifi, kuma duk abin da ke fage ɗaya rana ɗaya ce ke haska shi.

SHEKARUN KWALI

Daga 1999 abubuwa su ka haɗu wuri ɗaya. Mujallun fim sun fito, 'Tauraruwa' a 1998, wadda a cikin ta Sunusi Shehu Daneji ya raɗa sunan Kannywood, da 'Fim' a Maris 1999, kuma mujalla na son hoto mai kala. 'Sangaya' na kamfanin Sarauniya ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, 'Wasila' ya biyo baya a 2000, matasa su ka yi ca a kan sana'ar. Finafinai su ka yi yawa har dillalai na tsara ranar fitowar kowanne. Kwamfuta da sikana kuma sun sauko inda ɗan shago zai iya saye.

A Zamfara akwai ƙarin dalili. Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000, aka kuma rufe gidajen silima. Kallo ya koma cikin gida ɗungurungum. Mai shagon kaset a Gusau ko Bunguɗu ko Tsafe ba shi da wata talla da ta wuce fostar da ya manna a ƙofa da kwalayen da ya jera a kanta. Sau da yawa ma mai kallon ba ita ke zuwa shagon ba. Yaro za a aika daga cikin gida, a ce ya karɓo "mai hoton wance". Fuskar da ta fi girma a kwali ita ke sayar da fim, shi ya sa har jarumin da ya fito a fage uku kacal ka ke ganin kan sa ya cika rabin kwali, mai kallo ya kai gida ya yi ta jiran sa. Wannan kam yaudara ce, kuma ta taimaka wajen zubar da amanar da ke tsakanin mai fim da mai saye.

Idan za a yi adalci, yaran nan sun yi abin a yaba. Akasarin su ba makarantar zane su ka je ba, a shago su ka koya, wani na kallon hannun wani, da hotunan kati da aka ɗauka a lokeshin aka wanke aka sa a sikana. Yanke gefen ɗankwali da linzamin kwamfuta, ga wutar NEPA na ɗaukewa ba sallama, ba ƙaramin haƙuri ba ne. Sun kuma ƙirƙiro kamanni nasu: rubutu mai ƙyalli kamar zinare, fuskar uwa ta na dusashewa a cikin gajimare don a nuna ta rasu, kishiyoyi biyu sun juya wa juna baya miji na tsakiya. Kafin ka karanta sunan fim ka san labarin.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne haske. Za ka ga rana na dukan jarumi daga dama, jaruma daga hagu, gidan da ke bayan su kuma hoton dare ne. Ba inuwa a ƙarƙashin ƙafar kowa, sai su yi kamar su na shawagi. Gefen gashi da mayafi na ɗauke da farin zare na bangon da aka yanko su. An iya yanka da mannawa, gaurayawar ce ba a tsaya an koya ba, alhali inuwa ɗaya ta maltifilai a gindin ƙafa da ɗan hazo a kan gidan baya sun isa su gyara rabin matsalar. Inda aka yi amfani da sikirin sosai kuwa shi ne a fuskar mata, ana ta ƙara haske har hanci ya ɓace, wai farar mace alkyabbar mata. Baƙar jaruma kyakkyawa sai ta fito a kwali kamar an shafa mata alli. Sannan maɗaba'a ta ƙara nata: gilashin kwamfuta da haske ya ke aiki, takarda kuwa da tawada huɗu da ake bugawa ɗaya kan ɗaya, kowace na ƙara duhu kamar rini. Wanda bai san haka ba sai ya ga shuɗin sa mai ɗaukar ido ya dawo daga bugu ya mutu, fuskoki sun yi ja kamar gauta.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne bangon baya. Benayen Dubai, lambunan Turai, ruwa na gangarowa daga tsaunin wata ƙasa, duk an ciro daga faifan hotuna ko kalanda. Labulen mai hoto ne ya dawo a cikin kwamfuta. Ga dutsen Kwatarkwashi, da tarihin Magiro da bikin kamun maiki da ake ba da labari, ga duwatsun Tsafe, amma labarin da aka ce a ƙauyen Hausa ya faru sai a ɗora shi a gaban gidan da ko a Abuja babu irin sa. Ƙarshen wannan ɗabi'a shi ne 'Masoyiyata Titanic' na Farouk Ashu-Brown a 2003, inda aka yanko fagage daga fim ɗin James Cameron na 1997 aka haɗa da 'yan wasan mu, jirgin na Hollywood, fasinjojin na gida. Matthias Krings na Jamus ya yi nazarin sa a littafin 'African Appropriations' na 2015, tare da fostocin Usama bin Laden da su ka cika kasuwannin Arewa bayan Satumba 2001, waɗanda su ma haɗe-haɗen hotunan jaridu ne da jirage da wuta; a wannan yanayi ne marigayi Rabilu Musa ya yi 'Ibro Usama' a 2002.

Hannun da ya koyi kwali shi ya koma fostar siyasa. A zaɓen 2011 da na 2015 duk wanda ya bi titin Funtuwa zuwa Gusau ya ga 'yan takara, tun daga mai neman majalisar jiha har sanata, kowa da fuskar Buhari a bayan kafaɗar sa, an rage mata kauri ta yi kamar ta na sa masa albarka, ko da kuwa ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba. Dabarar uwa a cikin gajimare ce, ba a canza komai ba.

Kaset ya ba faifan sidi wuri a tsakiyar shekarun 2000, kwali ya ƙanƙance. Daga baya 'yan dawunlodin su ka zo su na tura fim a waya, ba kwali ba fosta, kuma da yake a kwali kuɗin furodusa ya ke, tafiyar sa ta tafi da kasuwar. Arewa24 ta buɗe a 2014, finafinai masu dogon zango irin su 'Izzar So' da 'Labarina' su ka karɓe fage daga 2020. Adobe ta koma karɓar kuɗin haya wata-wata tun 2013, matasa da yawa su ka koma Canva da PicsArt da PixelLab a waya, a 2023 kuma Photoshop ta samu ƙirƙirarriyar basirar da za ka rubuta mata abin da ka ke so a bango ta zana, har da inuwar sa. Matsalar tsaro a hanyar Tsafe ta sa ɗaukar kyamara a je gindin dutse ya zama abin da sai an yi shawara, don haka idan Kwatarkwashi zai shiga fosta yanzu, ta hanyar leya zai fi saurin shiga.

Kwalin da ya rage shi ne ɗan hoton da ke gaban bidiyo a YouTube, wanda ake haɗawa a faɗin ɗigo 1280 da tsawon 720, amma mai kallo ke ganin sa a waya bai fi akwatin ashana ba. A wannan girma ba wurin bene ko lambu. Fuska uku ce ko huɗu, ɗaya na kuka, ɗaya ta zare ido, da lambar fitowa cikin rawaya a kusurwa, kuma har yanzu wanda ya fi suna shi ake ba babban kai.